Jirgin da ya sha man gyaɗa: yadda dogo ya mutu a tsaye a yaƙin basasar Amurka

(An kwafo daga rikodin laccar da aka yi wa ɗaliban kanikanci da wasu dattawan unguwa ran Asabar da yamma. Gaisuwar farko ba ta ɗauku ba.)

...to madalla, na gode malam shugaban taro. Na can baya kuna ji na? Ku ɗaga hannu in kuna ji. Yauwa. Wannan lasifikar ma irin abin da za mu tattauna ce yau, an daɗe ba a gyara ta ba ana ta lallaɓawa. (dariya)

An ce in yi magana a kan yaƙi da layin dogo, kuma na san abin da samarin nan ke jira, a dasa nakiya gada ta tashi sama jirgi ya kife. Ku yi haƙuri, yau labarin dogon da yake can bayan fagen daga na kawo, wanda ko harsashi ɗaya bai taɓa shi ba amma ya lalace a hannun masu shi suna kallo. Wurin kuwa Amurka, 1861 zuwa 1865, lokacin da jihohi 11 na Kudu suka ɓalle saboda ba sa so a taɓa musu bayi, suka naɗa Jefferson Davis shugaba, hedikwata a Richmond, Abraham Lincoln kuma yana riƙe da Arewa. Don Allah in na ce Arewa da Kudu yau na Amurka nake nufi, kada wani ya yanki maganata ya sa a Facebook gobe a zo nema na. (dariya)

Abu huɗu na rubuto a takardar nan, ƙarfe, mai, itace, mutane. Minti goma-goma in Allah ya yarda, mu tashi kafin magariba.

Ku fara riƙe wannan lissafin. Da aka fara yaƙi Kudu na da dogo wajen mil 9,000, Arewa na da sama da mil 20,000. To mil 9,000 ba abin rainawa ba ne a wancan zamani. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke ƙera kayan. A 1860 an ƙera kan jirgi 470 a duk Amurka, 19 kacal aka yi a Kudu. Dogon kansa yawanci daga Ingila suke saye ko daga Arewa, su ba da auduga su karɓi ƙarfe, haka ƙafafun tarago, haka kusoshi, haka bututun tukunyar jirgi. Sai ga shi a Afrilun 1861 Lincoln ya sa jiragen ruwan yaƙi sun datse musu tashoshin ruwa. Kamar mai shago ne ya yi faɗa da wanda yake saro kaya a wurinsa, sannan aka kuma toshe masa hanyar ɗaya kasuwar.

Na farko, ƙarfe. Dogon wancan lokaci ba irin na yanzu mai tauri ba ne, ƙarfe ne mai taushi, in jirgi ya yi ta bi sai kansa ya baje ya fara ɓarewa falle-falle, ko a zaman lafiya duk shekara sai an sauya wani yanki. Wasu layukan ma ba cikakken dogo gare su ba, katako ne aka ɗora masa siririn ƙarfe a sama aka buga kusa, in kusar ta saki sai bakin ƙarfen ya miƙe ya lanƙwaso sama, jirgi na zuwa ya huda ƙasan tarago ya shigo wa fasinja har wurin zama. Kan maciji suke ce masa. Yanzu yaƙi ya zo, kaya sun ninka, sojoji, igwa, dawakai, masara, dare da rana. A 1863 shugabannin kamfanonin jirgin suka taru a Richmond suka ce wa gwamnati suna bukatar kusan tan 50,000 na sabon dogo duk shekara don kawai abin da ake da shi ya tsaya da ƙafarsa. Masana tarihin abin suna cewa ko sanda ɗaya ta sabon dogo ba a ƙera a Kudu ba har yaƙin ya ƙare. Alhali suna da maƙera fa, akwai Tredegar a Richmond, ta wani Joseph Anderson, babbar masana'anta, akwai wata a Atlanta da dama aikinta ke nan sabunta tsohon dogo. Gwamnati ta ce a'a, igwa za ku yi da sulken jirgin ruwa. Har ma abin ya juya, dogon ake kai musu su murje shi ya zama sulke. Jirgin ruwan yaƙin Kudu mai suna Virginia da ya kara da Monitor na Arewa a Maris 1862 akwai ƙarfen dogo a jikinsa, wani kuma mai suna Arkansas dogon aka jera masa a jiki yadda yake.

To in layi ya lalace ya za a yi? Sai a je a tumɓuke wani ƙaramin layi a kawo a liƙa a babba. Haka aka haɗa Danville da Greensboro, mil 48, aka gama a 1864 da dogon da aka kwaso na wasu. A Florida akwai wani David Yulee, tsohon sanata ne kuma cikakken ɗan ɓallewa, amma da soja suka zo cire masa dogon kamfaninsa sai ga shi a kotu ya karɓo takardar hani. Son ƙasa daban, dukiya daban. (dariya) Sojan dai suka cire abinsu, amma ja-in-jar da sauran jinkiri suka sa layin da aka so haɗawa da shi bai kammala ba sai Maris 1865, saura wata guda komai ya watse.

Na biyu, mai. To nan fa ku gyara zama, don wannan shi ne abin da ya kawo ni, sauran duk rakiya suka yi.

Ku 'yan kanikanci, me ke tsakanin ƙafa da aksul a mota? Boris, yauwa. To a jirgin wancan zamani babu boris mai ƙwallaye. Bakin aksul ɗin yana shiga wani akwatin ƙarfe ne, a samansa akwai bushin tagulla da duk nauyin taragon ke kwance a kai, a ƙasansa kuma an cusa tarkacen zaren auduga da aka jiƙa sharkaf da mai. Aksul na juyawa yana lasar man daga audugar yana kai shi ƙarƙashin tagullar. Shi ke nan dabarar. Tan nawa ne a kan taragon, duk yana tafiya ne a kan ɗan man da bai kai kaurin takardar nan ba. Kowane tarago mai ƙafa takwas akwati takwas gare shi, jirgi mai tarago 15 akwati 120 ke nan, ban da na kan jirgin. Kowanne kuma ci yake kamar jariri, ba ya jin ana yaƙi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, aikin dogo ya yi, a loko inda ake gyaran jiragen ƙasa, kuma ya riski irin waɗannan akwatunan don an daɗe ana amfani da su a ko'ina. Ina yaro in na kai masa abinci nakan tarar jirgin kaya ya tsaya yana bi tarago-tarago, 'yar guduma a hannu ɗaya, butar mai mai dogon baki a ɗayan. Ya ƙwanƙwasa ƙafa ya saurara, in ta yi ƙara garau ya wuce, in ta yi wani dum ya tsaya. Sannan ya ɗora bayan hannunsa a jikin akwatin kamar uwa na duba zazzaɓin ɗanta. Bayan hannu fa, ba tafi ba, ya ce tafin ma'aikaci ya riga ya mutu ba ya jin zafi. Wata rana ya kamo hannuna ya ɗora a kan wani, na fizge na yi ƙara, ya yi dariya ya ce wannan ai ɗumi ne kawai, wanda ya yi zafi na gaske tun daga nesa hancinka zai gaya maka, warin ƙonannen tsumma da mai. Har yau in na ji warin nan a gareji shi nake tunawa.

In man ya ƙare ko ya zama gurɓatacce, tagulla ta fara gugar ƙarfe tsirara, akwati ya ɗau zafi, audugar ta kama hayaƙi, ta kama wuta. In an gani da wuri a tsayar da jirgi a daji, a nemo ruwa a sheƙa, a jira ya huce, a ɗaga taragon da jak a sauya tagullar in akwai wata, a sake cusa auduga. Layin kuma ƙwaya ɗaya ne, duk jirgin da ke baya da wanda ke tahowa ta gaba sun tsaya ke nan. In ba a gani ba kuwa bakin aksul ɗin ya yi ja ya gutsure, tarago ya durƙusa, na bayansa su hau kansa. Akwati ɗaya cikin 120.

Yanzu tambaya, wane mai suke zubawa? Kada wani ya ce baƙin mai. Rijiyar man fetur ta farko da ta yi suna a Amurka sai a 1859 Edwin Drake ya haƙa ta a Titusville, jihar Pennsylvania, shekara biyu kafin yaƙi, kuma Pennsylvania ina take? Arewa. Man da aka fi yabo a lokacin na kifin wel ne, ƙaton nan na teku da mu muka fi saninsa ta ƙissar Annabi Yunusa. Masu farautarsa suna ina? New Bedford da makwabtanta, Arewa. Na biye da shi man kitsen alade, ku yi haƙuri da ambato, injin ba ruwansa da halal da haram. (dariya) Babbar mayankar aladen kuma tana Cincinnati, har laƙabin birnin alade aka yi mata. Cincinnati ina take? Ku faɗa mana. Arewa! Wato duk ƙofa uku da mai ke shigowa, ranar da aka harba igwar farko suka rufe gaba ɗaya.

Kuma ga wani abin takaici da in na tuna nake rasa dariya zan yi ko me. Jirgin ruwan yaƙin Kudu mai suna Alabama, a Satumbar 1862, ya riski jiragen masu farautar wel na Arewa a wajen tsibiran Azores ya yi ta cinna musu wuta ɗaya bayan ɗaya, da gangunan man a ciki. Man da direban jirgin ƙasa a Georgia zai iya yin kuka in ya gani. Amma ya za su yi, ba hanyar kai shi gida, an datse teku, sai ƙonawa. Wani ma, Shenandoah, yana can ƙurewar arewa wajen tekun Bering yana ta ƙona jiragen wel a Yunin 1865, bai san an gama yaƙi tun Afrilu ba. Haka a tudu, a Mayun 1863 mahayan Janar William Jones na Kudu suka kai hari Burning Springs inda ake haƙo ɗanyen mai a yammacin Virginia, suka banka masa wuta har kogi ya riƙa ci. Ta fuskar soja daidai ne, ka hana abokin gaba. Amma ni da nake ɗan mai butar mai, wallahi in na karanta sai in ji kamar a gabana aka zubar da tuwo.

To sai aka koma 'yan dabaru. Suna da aladensu a Kudu, suna da shanu, kuma dama kitsen shanu ake narkawa a zuba wa silindar injin inda tururi yake. Amma ku duba rikicin, kitsen nan shi ne abincin soja, shi ne na bayin da ke gyaran layin, shi ne sabulu, shi ne kyandir. Kowace ganga sai an zaɓa, baki ko aksul. In ka ba baki, jirgin da zai kai abincin ya tsaya a hanya. In ka ba aksul, jirgi ya iso ba abin da zai sauke. Ga gishirin da ake adana naman ma ya yi wuya. Suka gwada man zurma, cika-gida ɗin nan da ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai kula ta. Sannan suka gwada, kun san me? Man gyaɗa.

Man gyaɗa, Hajiya, irin wanda kike toya ƙosai da shi. (dariya) Kafin yaƙi gyaɗa a can ba a ɗauke ta a bakin komai ba, abincin bayi ce da talaka da dabbobi, ana noma ta a wajen Wilmington da wani yanki na Virginia. Sunan da suke kiranta da shi ma a Kudu, guba, daga bakin bayin da aka kwaso daga yankin Kwango ya fito, nguba. Ba irin tamu gubar ba, kada wani ya fasa cin ƙuli. (dariya) Sai ga gyaɗar da aka raina ana matse ta ana zuba wa kan jirgi da injinan masaƙa, ana kunna fitila da ita. Kuma ta yi aiki daidai gwargwado. Sai dai ku da kuka karanta kaurin mai kun sani, man girki in ya ji zafi tsinkewa yake ya zama ruwa-ruwa, nauyi ya matse shi ya gudu, dole ka yi ta ƙari, kuma wa zai noma gyaɗar da za ta ishi dogo mil 9,000 alhali ana neman masarar da za a ci?

Shi ya sa kullum nake faɗa da 'yan acaɓa da masu janareto. Mutum zai sayi fetur kullum ba ya ƙorafi, don in babu fetur nan take injin zai tsaya ya kunyata shi a titi. Amma juyen mai sai ya ce sai wani satin, don rashin mai ba ya kunyata ka yau, sai ranar da injin ya buga. Gwamnatin Davis haka ta yi da dogonta gaba ɗaya. Igwa ana ganinta, soja ana ƙirga shi, amma ba janar ɗin da zai samu lambar yabo don ya samo gangar mai. Kuma abin yana haihuwa, rashin mai ya cinye tagulla, tagulla ita ma babu don ana zuba igwa da ita, aksul ya goge, ƙafa ta fara rawa, ƙafa mai rawa ta daddaki dogon da dama ba a da madadinsa, dogo mai gargada ya girgiza taragon ya kwance masa kusoshi. Kowanne yana cin ɗan'uwansa. Kamfani sai ya ajiye kan jirgi biyu a gefe yana ciro musu kaya don na uku ya yi tafiya, irin yadda ake yi wa motocin da suka kwana biyu a gareji, yau a ari fitila gobe a ari kafireto, wata shida sai ƙwarangwal.

Malam shugaba yana nuna mini agogo. Minti nawa? Subhanallahi. To na uku... na ce guda nawa ne ma? Huɗu. To bari in haɗa su in yi gudu.

Itace. Jiragen Kudu itace suke ci, ba kwal ba, kuma katakon da ake shimfiɗa dogo a kai ɗanye ne ba magani, shekara kaɗan ya ruɓe. Daji kam ga shi nan har ya yi yawa, mai saran ne babu. Har ta kai jirgi kan tsaya a hanya ma'aikata su sauka neman abin da za su jefa a wuta, ɗanyen itace kuma hayaƙi ne kawai ba tururi. Wannan ya kai mu ga mutane. Ƙwararrun kanikawa da direbobi da yawa 'yan Arewa ne, ana fara yaƙi suka tattara suka koma gida. Waɗanda suka rage wasu soja ya ɗebe, wasu maƙeran makamai suka janye da albashi mai tsoka, a 1864 ma doka ta ce wanda za a ɗaga wa shiga soja kada ya wuce mutum ɗaya a kowane mil na layi. Aikin ƙarfi kuwa, saran itace, sauya katako, ɗaukar dogo, bayi ne ke yi, kamfani ya saya ko ya yi haya daga iyayengijinsu. Da yaƙi ya matso, masu bayi suka fara janye su, soja na ƙwace wasu don haƙa ramuka, su kuma bayin duk wanda ya samu sarari ya tsere wajen sojan Arewa, kuma wa zai ga laifinsa? Ka ɗaure mutum sannan ka ce ya gyara maka hanyar da za ka ci yaƙin ci gaba da ɗaure shi.

Na biyar, au, babu na biyar a takarda amma ku karɓa. Kuɗi da faɗin layi. Tun 1861 kamfanonin suka yarda su ɗauki soja a kan senti 2 kowane mil, kayan gwamnati rabin farashi, a biya su da takardun bashi, kuɗin Kudu kuma ya yi ta zubewa har ya zama takardar banza. Faɗin layi kuma ba ɗaya ba ne, wasu ƙafa 5, wasu ƙafa 4 da inci 8 da rabi, to ko wani kamfani na da taragon da ba ya amfani da shi ba lalle ya hau layinka ba. A Richmond layuka biyar suka shigo gari ba su haɗu da juna ba, sai a sauke kaya a ɗora a keken doki a ratsa gari a sake lodi, masu keken kuma ba sa so a haɗa don nan ne abincinsu. Sai a 1886, shekara 21 bayan yaƙi, suka matsar da dogon Kudu inci 3 cikin kwana biyu. Abin da kwana biyu ya isa a yi.

Sakamako? Jirgin da ke gudun mil 25 a awa a 1861 ya dawo wajen mil 10 a 1863. Masara da nama na jibge a tashoshin Georgia da Carolina suna lalacewa, sojan Janar Lee, babban janar ɗin Kudu, a Virginia na kwana da yunwa. Ran 2 ga Afrilu 1863 matan Richmond suka fito suka fasa shaguna suna neman burodi, sai da Davis da kansa ya fito ya watsa musu kuɗin aljihunsa yana roƙo su watse. A Satumbar shekarar Kudu ta tura rundunar Janar Longstreet daga Virginia zuwa yaƙin Chickamauga a Georgia, zagaye na kusan mil 900 a kan layuka barkatai, wajen rabinsu ne suka iso a kan lokaci, igwoginsu sai bayan an gama. Kwana kaɗan bayan yaƙin Arewa ta kwashi sama da mutum 20,000 da dawakai da igwa ta kai su mil 1,200 cikin kwana 12 ko ƙasa da haka. Lincoln tun Janairun 1862 majalisa ta ba shi ikon karɓe kowane layi, su Davis sai farkon 1865 suka samu cikakkiyar doka irin wannan. Lokacin da Janar Sherman na Arewa ya zo a 1864 yana gasa dogo a wuta yana naɗe shi a jikin bishiya, gawa ya tarar tana tafiya, ya dai taimaka mata ta kwanta.

Akwai labarin Stonewall Jackson, wani janar na Kudu, da ya sa dawakai 40 suka ja kan jirgin da ya ƙwace a kan titin ƙasa mil 38, amma lokaci... na'am? Alhaji na da tambaya. A miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo daga gaba: Allah gafarta malam, mun ji na Amurka. Ni ina yaro na ga dalar gyaɗa a Kano da idona, kuma na taɓa jin manya na cewa rashin jirgi ne ya tara ta. Gaskiya ne ko zance ne?)

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka taɓo mini inda yake ƙaiƙayi. Malam shugaba ka ƙara mini minti biyar, dattijo ne ya tambaya ba ni na roƙa ba. (dariya)

Akwai gaskiya a ciki sosai. Dala dai dabara ce ta ajiya, ta girmi Yaƙin Duniya na Biyu, ana danganta ta da su Alhassan Ɗantata, gyaɗa tana shigowa lokaci ɗaya bayan kaka jirgi kuma a hankali yake kwasa, dole a tara. Amma abin da manyanka suka gaya maka ya faru. Jirgi ya iso Kano a 1911, kuma kawunan jirgin da kayan gyaransu daga Ingila ake kawowa, mu nan a Ebute Metta da sauran loko gyara muke yi. Da yaƙin Hitila ya zo a 1939 masana'antun Ingila suka koma ƙera kayan yaƙi, jiragen ruwa kuma Jamus na nutsar da su a hanya. Sai a farkon 1942 Japan ta cinye Malaya da Singafo, Ingila ta rasa kuzar da take samu a can da man girkin gabas, ta juyo kanmu, a ƙara kuza a Jos har da aikin tilas da aka yi ta kwasar mutane daga ƙauyuka, a ƙara gyaɗa, a ƙara kwal daga Inugu. Wato irin na Richmond sak, kaya sun ninka kayan gyara sun yanke. Ma'aikatan ma tsadar rayuwa ta ci su, shi ya kawo yajin aikin gama-gari na Yunin 1945 da 'yan reluwe su Michael Imoudu suka ja gaba, kwana 44 ana yi.

Da aka gama yaƙi jiragen sun gaji liƙis. A shekarun 1947 da 1948 gyaɗar bara ba a gama kwashe ta ba ta bana ta iso, dala ta yi ta haihuwa, ƙwari suka shiga buhuna, su kuma can Ingila ana rabon man girki da kati, har a majalisarsu ana ta tambayar minista ina kawunan jirgin da za a tura Najeriya. Sai wajen 1948 sababbi suka fara isowa daga masana'antar Vulcan, waɗanda aka sa wa sunayen koguna. Mu muna ganin hoton dala muna cewa arziki, kuma arzikin ne, amma mutumin loko in ya kalli tsayinta a waɗannan shekarun lissafin taragon da ke kwance ba ƙafa yake yi. Alhaji kai wace shekara ka gan ta? ...To ai ka ga ta bayan nan ce, lokacin an samu sauƙi, ta wajen 1948 sai dai ko yayanka.

An kira salla ko? To mu tashi. Wanda ya ɗauki hoton takardar nan tawa ya goge, rubutun ba ya karantuwa, ni ma da ƙyar na gane na uku.